Tsohuwar Piyano: Gano Shekarunta da Hukuncin Gyaranta

Gabatarwa

Piyano abin kiɗa ne na Turawa wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙago a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda masana ke gano shekarun tsohuwar piyano, da kuma dalilin da ya sa tsufa kaɗai bai isa hujjar gyara ba.

Hanyoyin Gano Shekaru

Hanya ta farko ita ce lambar ƙira. Manyan kamfanoni sukan buga wa kowace piyano lamba a cikinta, su kuma rubuta lambar a kundinsu. In an kwatanta biyun, sai shekara ta fito. To, amma lamba tana iya gogewa, kundi kuma yana iya salwanta, don haka akan koma ga hanya ta biyu, wato sigar ƙirar kanta. Piyano ta farko jikin katako gare ta. Sai a 1825 Alpheus Babcock na Boston ya yi rajistar firam na zubin ƙarfe guda, mai jure jan tsirkiyoyi. A 1859 kamfanin Steinway ya yi rajistar tsarin gicciya tsirkiyoyi a babbar piyano. Madannai 88 kuwa ba su zama ruwan dare ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Kowace alama daga cikin waɗannan iyaka take sanyawa: kayan ba zai girmi dabarar da ke jikinsa ba, sai fa in daga baya aka cusa ta. Hanya ta uku ita ce salsalar mallaka, wato sanin hannuwan da kayan ya ratsa.

Piyanon Beethoven

Misalin da ya tattara hanyoyin nan uku shi ne piyanon da Thomas Broadwood na Landan ya yi wa Beethoven kyauta. An ƙera ta a 1817, lambarta 7362, madannanta 73, jikinta na katako ne. Ta bi jirgin ruwa zuwa Trieste, daga nan aka ɗauke ta a keken doki, ta isa Biyana a 1818. Da yake kurumta ta riga ta ci ƙarfin Beethoven, dukan da yake yi mata ya tsinka tsirkiyoyi da dama. Bayan rasuwarsa a 1827 aka yi gwanjonta, daga bisani ta faɗa hannun Franz Liszt, shi kuma ya bayar da ita ga gidan tarihin ƙasar Hangari da ke Budapest. A farkon shekarun 1990 David Winston ya gyara ta, Melvyn Tan ya kaɗa ta a bainar jama'a a 1992. Ladan wannan aiki shi ne an ji irin amon da mawallafin ya rubuta wa kiɗansa.

Haɗarin Gyara

Sai dai ba kowane gyara ne alheri ba. Piyano uku ne na Cristofori suka saura, na 1720 da 1722 da 1726. Ta 1720, wadda ke gidan tarihi na Metropolitan a New York, ta sha canje-canje, har aka musanya mata allon amo a 1938. Allon nan kuwa shi ne tushen muryar piyano. Saboda haka wadda ta fi tsufa ba ita ce ta fi ba da sahihiyar shaida ba. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Kammalawa

Daga misalan nan za a fahimci cewa hukunci iri uku ne. Piyanon da aka ƙera irinta dubbai, in allonta ya tsage, ƙusoshin ɗaurin tsirkiya suka saki, galibi kuɗin gyaranta ya zarce darajarta. Wadda ƙirarta ke da inganci, jikinta da sauran ƙwari, ta cancanci gyara don a ci gaba da kaɗawa. Wadda kuwa ta zama shaidar tarihi, wajibi ne a rubuta halin da aka same ta, a adana duk abin da aka cire, kada kuma a yi mata abin da ba za a iya warwarewa ba. Dalili kuwa shi ne, ana iya sāke tsirkiya, amma shaidar da aka shafe ba ta dawowa.