ZARE: Masu ɗaga tirela in ta kwanta a hanyar Dawanau

1/
Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san hoton nan: tirela a gefen titi, an jera ganye a bayanta, ƙafafun wani yaro na leƙowa daga ƙarƙashi. Ni a ƙauyenmu da ke yankin Dawakin Tofa da wannan hoton na tashi. Yau tarihin mai ƙafafun nan nake so mu duba. Ku biyo ni.

2/
In bayyana matsayata tun yanzu. Kawuna mai faci ne a bakin hanya, kuma da kuɗin facin nan aka biya mini rajistar shekarar farko a jami'a. Saboda haka in kun ga na karkata, na karkata ɗin ne.

3/
Kafin mota, jaki ne tirelar ƙasar nan. Ƙauyukan da ke kewaye da Kano gona ce jikin gona, babu saura. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya rubuta yadda jakuna ke kai itace birni su dawo da taki. Jaki in ya gurgunce mai shi ne likitansa. Mangala ta yage, a ɗinke ta a gindin bishiya a wuce.

4/
Masu tafiya mai nisa kuwa, fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro, zango suke da shi. A nan ayari ke sauka, a shayar da dabbobi, a gyara abin da ya lalace, madugu ya ji labarin hanyar da ke gaba. Ku riƙe kalmar zango, za mu dawo kanta.

5/
Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai, manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga 1912 harkar ta buɗe, su Alhassan Ɗantata suka shiga, daga baya aka yi dalar gyaɗar da muke gani a hotuna. To amma jirgi a tasha yake tsayawa, ba ya shiga ƙauyen kowa. Jaki da raƙumi ne ke kai masa kaya, sannu a hankali gingimari ta karɓe aikin.

6/
Gingimari kuwa sai da mai gyara. Hanya ta burji, kaya ya fi ƙarfin mota, gareji na can cikin birni. Direba da yaron motarsa su ne bakanike na farko, domin in ta tsaya a daji babu wanda za a kira. Da yawa daga cikin tsofaffin masu gyaran da na sani daga karen mota suka faro.

7/
Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dala. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya, kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, kaya suka koma kan taya. A zamanin nan har harhaɗa manyan motoci ake yi a ƙasar: Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Mai hali na iya sayen sabuwa dal.

8/
Yanzu ga shekaru biyu da nake so ku haɗa.
1985: aka kafa kasuwar hatsi ta Dawanau.
1986: gwamnatin Babangida ta kawo SAP, darajar naira ta faɗi.
Wato lokacin da buƙatar manyan motoci ta ƙaru a hanyarmu, a lokacin ne sabuwar mota da sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin aljihu. A ganina a nan aka haifi bakaniken bakin hanya irin wanda muka sani yau.

9/
Abin da ya biyo baya shi ne zamanin Beljiyam. DAF da MAN da suka gama aikinsu a Turai su zo nan su fara sabuwar rayuwa. Injin kwance, giya ta kwance, a je Ƙofar Ruwa a laluba. Abin da littafin kamfani ya ce a jefar, a nan a yi masa walda ya ƙara shekara biyu.

10/
Ku yi lissafi. Tirela mai tan 30 buhu 300 ne na hatsi in buhun kilo 100 ne. Kowa ya san ana ɗora fiye da haka, saboda kuɗin gas da na shingayen hanya sai an fitar da su daga wani wuri. Nauyin nan sifirin ke sha, da taya, da boris, da kuloci. Shi ya sa gyaran bai tsaya a hannun mutum ɗaya ba: ga mai faci, ga mai walda, ga na waya, ga na lagireto, ga na birkin iska, ga wanda bai san komai ba sai injekta amma a kanta babu mai ja da shi.

11/
Ku leƙa bakin Dawanau da daddare. Mai shayi, mai abinci, 'yan kamasho, masu gyara, direbobi na ba juna labarin inda hanya ta ɓaci da inda ba a bi da dare. Zangon fatake ne sak, gas kawai ya maye gurbin harawa. Gero da masara na nufar Nijar da Chadi, riɗi da zoɓo na nufar tashar ruwa ta Legas, zoɓon ma har Meziko yake kaiwa.

12/
Ina aji biyar a sakandare wata mota ɗauke da shanu ta karye sifirin kusa da mu. Hatsi yana jira, dabba ba ta jira. Rana ta take, shanu sun fara kwanciya a kan juna, dillalin sai kai-kawo yake da waya a kunne. Aka ɗauko mai walda a babur da ɗan janaretonsa, kawu ya kawo jak biyu, mu yara muka yi ta jidar ruwa daga rijiya. Sai bayan la'asar ta tashi. Sa ɗaya dai sai da aka yanka shi a wurin.

13/
Kada in yi ta yabo kawai. Akwai gyaran jeka-ka-mutu-gaba, wanda ake ɗaure abu da waya don mota ta bar wurinka. Akwai tirelar da ke kwana uku a kan kwalta babu fitila, ganye kaɗai, har ƙaramar mota ta shige ƙarƙashinta. An kafa hukumar kiyaye haɗura tun 1988, amma har yau a hanyarmu waya ta farko da direba ke bugawa ta bakanike ce, don janwen da zai ja tan 30 ba a kowane gari yake ba, kuma kuɗinsa ba wasa ba.

14/
Kuma cinikinsu na bin siyasa. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kawu kan wuni bai taɓa tayar babbar mota ba. Kowa na maganar asarar 'yan kasuwa, ban ji wanda ya ƙirga ta mai faci ba.

15/
Abin da ke damuna yanzu biyu ne. Motocin da ke shigowa suna da ƙwaƙwalwa, sai an jona kwamfuta su faɗi ciwonsu, alhali ogan da ya shekara talatin yana gane inji da kunne bai koya ba balle ya koyar. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. In ya fara ɗaukar hatsi, wani kaso na tirelolin nan zai ragu.

16/
Na tambayi kawu wannan a hutun da ya wuce. Bai ko ɗago daga tayar da yake bugawa ba, ya ce jirgin zai shiga gonarku ne? Sannan ya ce in miƙo masa guduma.

Wanda mahaifinsa ko yayansa ya yi tuƙi ko gyara a hanyar nan kafin 1985, don Allah ya yi mini magana ta akwati. Ina tattara hirarraki don aikin kammala digirina, kuma tsofaffin suna ƙarewa.