Daga Fitila zuwa Injin Dizal: Tarihin Yaƙar Kunkunniya da Alkohol

Tun a shekarun 1830 masu sayar da man fitila a Amurka suka lura da wani abu. Man tafentin, wanda ake samu daga ƙaron itace, yana da haske amma hayaƙinsa ya yi yawa. Alkohol kuwa ba ya hayaƙi, sai dai wutarsa shuɗiya ce, ba ta haska ɗaki. Sai suka gauraya su, haɗin ya ci kasuwa har 1862, lokacin da harajin yaƙin basasa ya tsauwala wa alkohol kuɗi, kananzir ya gaje shi. Dabarar ta yi aiki, amma an shafe fiye da ƙarni kafin a san dalili.

Michael Faraday, a laccocinsa kan kyandir da aka buga a 1861, ya nuna cewa hasken harshen wuta daga ƙwayoyin kabon yake fitowa idan zafi ya gasa su. Waɗanda suka kuɓuce ba su ƙone ba su ne kunkunniya. Illarta kuwa an daɗe da sani, domin tun 1775 likita Percivall Pott ya danganta ta da ciwon dajin da ke kama masu share bututun hayaƙi a Ingila.

Sai a shekarun 1980 Michael Frenklach da abokan aikinsa suka fayyace yadda kunkunniya take ginuwa. Zafi yakan farfasa mai ya koma gutsattsari, musamman asetilin, iskar da masu walda ke amfani da ita. Gutsattsarin su haɗu su yi zobe mai kabon shida, zoben ya riƙa zubar da haidirojin yana karɓar asetilin, zobe bisa zobe, har su dunƙule su zama baƙar ƙwaya.

A wannan tsakanin alkohol ya dawo. Bayan tsadar mai ta 1973, Barazil ta ƙaddamar da shirin yin itanol, wani nau'in alkohol, daga rake a 1975, Amurka kuma ta yi doka a 1990 da ta wajabta fetur mai ɗauke da oksijin a biranen da iskarsu ta gurɓace. A 2006 Charles Westbrook da takwarorinsa suka yi lissafin konewar dizal da kwamfuta, suka nuna cewa kabon ɗin da ke manne da oksijin ba ya sakinsa cikin sauƙi. Yakan zarce ya zama iskar kabon monoksaid, bai shiga ginin zobe ba. Alkohol kuwa yana ɗauke da oksijin: rabin nauyin metanol, wani nau'insa, oksijin ne, na itanol kuma kusan kashi 35 cikin ɗari.

Duk da haka, ba kullum ake kwana a gado ba. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ɗan itanol kaɗan a wutar iskar etilin yana iya ƙara kunkunniya, saboda gutsattsarin metil da yake saki suna hanzarta ƙulla zoben farko. Shi ya sa masu bincike a yau suke auna abu uku kafin su ce gauraye zai rage hayaƙi: wane alkohol ne, nawa aka zuba, kuma a cikin wane mai.