Gidan waya da mutanensa

A garuruwan da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, irin su Dogonduci, Ƙonni, Madawa da Tasawa, akwai wani gini da dattawa ke kira gidan waya har yanzu, ko da yake yaran zamani kan wuce shi ba tare da sun waiwaya ba. A da kuwa nan ne kunnen gari, nan ne bakinsa.

Waya ta shigo ƙasar ne a zamanin mulkin mallakar Faransa, domin kumandan ya ji umarnin gwamna, musamman tsakanin Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birni daga 1911 zuwa 1926, da Yamai wadda ta gaje ta. Tangaraho ne ya riga tarho zuwa, kuma tun wancan lokaci ake cewa an buga waya. Bayan samun ƴancin kai a 1960, wasiƙa da tangaraho da tarho suka ci gaba da zama ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka fi sani da PTT.

A ƙaramin gari, masu tarho a gida ko ofis ba su da yawa: sufurefe, jandarma, gidan likita, sai ƴan manyan fatake. Duk kira sai ya bi ta hannun mai haɗa layi, wanda ke zaune gaban allo mai ramuka, yana cusa igiya yana zarewa. Talaka kuwa, in ɗansa da ke cirani a Abijan ko Kumasi ya neme shi, ɗan aike ne zai hau keke ya kai masa takarda mai ɗauke da ranar da za a sake kira da sa'arta. Tsoho zai sa babbar riga ya je ya zauna a benci, wani lokaci tun hantsi har la'asar, domin maganar minti uku.

Akwai kuma masu gyaran layi. In hadarin damina ya kayar da turaku, ko gara ta cinye gindinsu, su ne ke bin waya cikin daji da tsani da filaya har su gano inda ta tsinke.

Abin da ya fi ƙwarewar hannu nauyi a wannan aiki shi ne amana. Mai haɗa layi yakan riga kowa jin labarin rasuwa, da na canjin wurin aiki, da farashin gyaɗa a Maraɗi. Mai karɓar tangaraho yakan karanta kowace kalma, tunda da kalma ake biya, kuma sau da yawa shi ne ke fassara wa mai saƙo Faransancin zuwa Hausa. Asirin gidaje da yawa ya ratsa kunnuwansu, darajar kowane ɗayansu kuwa tana ga iya riƙe bakinsa.

A 1997 aka raba gidan waya biyu, harkar tarho ta koma hannun kamfanin SONITEL. A 2001 aka sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga wasu kamfanonin Sin da Libiya, a shekarar kuma Celtel ya fara aikin salula a ƙasar. A 2006 lambobi suka tashi daga alƙaluma shida zuwa takwas. Daga baya gwamnati ta maido da kamfanin hannunta, sannan a 2016 aka haɗe shi da SahelCom, aka sami Niger Telecom. Cikin ƴan shekaru benci ya zama wayam, ɗan aike ya jingine kekensa.

Takardun hukuma sun adana dokoki da sunayen kamfanoni, amma yadda aka sanar da wata uwa mutuwar ɗanta, ko yadda aka kwana a daji ana ɗaurin waya, yana cikin kawunan tsofaffin ma'aikata ne kawai, su kuwa kullum raguwa suke. Malamin da ya tura ɗalibansa su zauna gaban ɗaya daga cikinsu da littafi da alƙalami, ko ƙungiyar al'adu da ta naɗi muryarsa, sun ceto wani yanki na tarihin garinsu. Abin naɗin ma yana cikin aljihu: salular da ta raba su da aikin.