Farfela da kujerar da ba kowa

Ranar 17 ga Disamba, 1903, a Kitty Hawk ta Amurka, da hannu aka murza farfelun jirgin 'yan'uwan nan Wright kafin injin ya kama. Haka aka ci gaba har cikin Yaƙin Duniya na Farko. Makaniki ya tsaya gaban jirgi, matuƙi yana kujera, a cusa waigi ƙarƙashin tayoyi. Sai an ce "Kontak!" an amsa, sannan makaniki ya fizgo farfela ƙasa ya ja da baya. In ƙafarsa ta zame a laka, ko injin ya bugo baya, hannu ne zai tafi, wani lokaci har rai.

Da injuna suka fi ƙarfin damtse, wani matuƙin Ingila, Kyaftin Bentfield Hucks, ya ɗora doguwar sanda a kan motar Ford Model T, motar ta riƙa juya farfelar. Daga baya sitata mai batir ta zo. Amma ƙananan jirage masu araha ba su samu ba. Piper J-3 Cub, da aka ƙera kusan 20,000 tsakanin 1938 da 1947, ba ya da batir ko kaɗan. Maginito ne ke ba filogi wuta da zarar farfela ta juya. Shi ya sa in wayar kashe maginito ta tsinke, injin na iya kamawa ko da makulli a kashe yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aikin mutum biyu ya koma na mutum ɗaya. Ranar 30 ga Agusta, 1955, a filin Bankstown da ke Sidni ta Osturaliya, injin wani ƙaramin jirgin Auster ya mutu. Matuƙin ya sauko shi kaɗai ya murza farfela. Injin ya kama da totur a buɗe, birki bai riƙe ba, jirgin ya wuce shi ya tashi. Ya yi ta shawagi a kan birnin da gaɓar teku kusan awa uku, ba kowa a ciki, mutane na ƙasa suna kallo. Jiragen sojan sama suka gwada harbo shi suka kasa, sai wasu jiragen Sea Fury biyu na sojan ruwa suka kakkaɓo shi a teku.

A Nuwamba 1997 aka sake yi a Urbana ta jihar Ohio: wani jirgin Aeronca Champ ya tsere wa mai shi, ya yi tafiyar mil 90 kafin ya faɗi a gona.

Littafin koyon tuƙi na hukumar jiragen saman Amurka, FAA, har yau yana cewa mutum biyu su yi aikin murza farfela, wanda ya san totur da birki ya zauna a kujera. In ƙasa na da santsi, a matsar da jirgin tukuna, a sa waigi, a ɗaure wutsiyarsa.