Ciwon hantsar shanu a Dakoro: ƙwayoyin cutar da ke shiga madara da hanyoyin kariya

Gundumar Dakoro, a arewacin jahar Maraɗi, yanki ne da noma da kiwo suka haɗu. Daga garkunan da ke kwarin Tarka da kewaye ne madara, nono, man shanu da cuku ke shigowa gari, kuma a nan arewacin Dakoro cibiyar gwamnati ta haɓaka shanu ta Fako take. Cikin cututtukan da ke rage wannan arziki akwai ciwon hantsa, wanda sau da yawa yake cin saniya ba tare da mai ita ya lura ba.

Mene ne ciwon hantsa?

Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane da kan nononsa. Idan ƙwayoyin cuta suka bi ta ƙofar kan nono suka shiga ciki, ɗakin yakan kumbura. Ciwon iri biyu ne. Akwai na fili: hantsa ta yi zafi da tauri, saniya ta riƙa harbi in an taɓa ta, madara ta fito da gudaji, ruwa-ruwa ko jini. Akwai kuma na ɓoye, wanda ya fi yawa: ido ba ya ganin komai, amma abin da ake tatsa yana raguwa, har wata rana ɗakin ya mutu. A madarar saniya mai lafiya, ƙwayoyin garkuwar jiki ba su cika wuce 200,000 a cikin mililita guda ba. In suka zarce haka, akwai alamar ciwo.

Waɗanne ƙwayoyi ne ke kawo shi?

Wasu suna zaune ne a hantsar saniyar da ta kamu, suna yaɗuwa lokacin tatsa ta hannun mai tatsa ko tsumman da ake goge nono. Manyansu su ne Staphylococcus aureus da Streptococcus agalactiae. Binciken da aka yi a kan shanun Azawak na tashar Tukunus, kusa da Filinge, ya samu Staphylococcus aureus cikin manyan masu haddasa ciwon. Tana da wuyar magani domin tana ɓuya can cikin naman hantsa.

Wasu kuma daga kashin shanu da taɓo suke fitowa, kamar Escherichia coli da Streptococcus uberis. Sun fi samun hanya da damina, lokacin da turke ya jiƙe. Cizon kaska, ƙaya da ƙudaje suna buɗa musu ƙofa. Bayan an gama tatsa ma, ƙofar kan nono takan ɗauki aƙalla rabin awa kafin ta rufe.

Haɗarin da ke kan mai sha

Ban da ƙwayoyin ciwon hantsa, ɗanyar madara tana iya ɗaukar Brucella, mai kawo cutar ɓari da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Tana iya ɗaukar ƙwayar tarin fuka na shanu. A zafin bazara ƙwayoyin cuta kan ninka yawansu cikin kamar rabin awa.

Tafasa madara na kashe waɗannan ƙwayoyi. A masana'antu ana dumama ta zuwa digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Sai dai gubar da Staphylococcus aureus ke saki in madara ta daɗe a ajiye ba ta mutuwa da tafasa, kuma tana kawo amai da zawo cikin ƴan awoyi. Shi ya sa ake tafasawa da wuri, tun madarar na sabuwa. Tsamin nono yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da su duka.

Yadda ake gane shi da kare garke

Mai tatsa zai iya zuba tsirton farko na kowane kan nono a cikin baƙin kwano ya duba ko akwai gudaji. Na ɓoye kuwa sai da gwajin da ake kira CMT: a haɗa ƴar madara da wani ruwan magani, in ta yi yauƙi ɗakin ya kamu. Gano ainihin ƙwayar aikin ɗakin bincike ne, irin na LABOCEL da ke Yamai.

Kariyar ba ta da tsada. A wanke hannu da sabulu kafin tatsa. Bayan maraƙi ya sha nono ya sauko, a goge kan nono da tsumma mai tsabta, kowace saniya da nata. A fara da masu lafiya, a bar marar lafiya ƙarshe, a zubar da madararta. A wanke ƙwarya da ruwan zafi a shanya ta a rana. A riƙa sauya wa shanu makwanci, a kuma ba su abinci bayan tatsa don kada su kwanta nan take.

Maganar magani

Dakoro na cikin wuraren da aka fara tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, tare da mataimakansu a ƙauyuka, a wani aiki na ƙungiyar Vétérinaires Sans Frontières ta Beljiyam da ƙungiyar Karkara. Wajensu ya kamata a kai saniyar da hantsarta ta kumbura. Allurar da aka saya a kasuwa aka yi ba bisa ƙa'ida ba tana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Kowane magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa, waɗanda ba a shan madarar saniyar kuma ba a sayar da ita. Mata masu sana'ar nono sun fi kowa ganin illar karya wannan ƙa'ida, domin ragowar magani na hana madara yin barci, kindirmon ya lalace, jarin ranar ya tafi.