Daga Surame Zuwa Argungu: Tarihin Kabi Tsakanin Tudu Da Gulbi

Gabatarwa

Galibin baƙin da ke zuwa ƙasar Kabi bikin kamun kifi na Argungu ke kawo su, da an watse kuwa sai kowa ya kama hanyar gida. Kaɗan ne ke tambayar inda Kabawa suka zauna kafin su sauko bakin ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mazaunai uku na sarautar Kabi, watau Surame da Birnin Kabi da Argungu, kowanne yanayin ƙasa ne ya sa aka zaɓe shi, kuma ba a fahimtar wannan sosai sai an taka wuraren da ƙafa.

Surame

Tarihin Sudan na Abdurrahman Assa'adi ya kawo labarin yadda Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Sanwai tawaye wajen 1516, bayan sun komo daga yaƙin Agadas, saboda saɓani a kan rabon ganima. Wanda ya ja da daula irin wannan tilas ya nemi mafaka mai ƙarfi. Don haka Kanta ya kafa Surame a kan tudu mai marmara, ya kewaye ta da ganuwa ta duwatsu, a zamanin da sauran biranen Hausa da jar ƙasa suke gina tasu. Masu ba da tarihin baka suna cewa kowace al'umma da ke ƙarƙashin Kanta an yanka mata nata sashe na aikin, wai Nufawa da suka makara sai aka hana su ruwa, aka ce su kwaɓa ginin da man kaɗanya. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, yana nuna yadda mutane suka riƙe girman ikon Kanta a zukatansu.

Kufan yana cikin Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato a yau. Mai ziyara zai tarar da ragowar ganuwar ta miƙe cikin daji, da guraben ƙofofi, da tarin duwatsun da suka zube, itatuwa sun tsiro a tsakaninsu. Gwamnatin Nijeriya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su.

Birnin Kabi

A farkon ƙarni na 18, lokacin da ƙarfin Kabi ya ja baya, Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya koma Birnin Kabi, wanda ake rubutawa Birnin Kebbi a takardun hukuma. Garin yana bakin tudu ne, yana kallon fadamar Gulbin Kabi. Duk wanda ya hau tsaunin Dukku ya dubi shimfiɗar fadamar zai ga hikimar zaɓen, domin ga tudu na tsaro, ga ruwa da shinkafa da kifi a ƙarƙashinsa. Duk da haka birnin ya faɗa hannun rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, Sarki Muhammadu Hodi ya fita. Bayan zuwan Turawa aka mai da shi mazaunin Sarkin Gwandu, a 1991 kuma ya zama babban birnin Jihar Kebbi.

Argungu

Da tudu ya kasa kare su, sai Kabawa suka jingina da ruwa. Argungu na gefen gulbi, fadamar kuwa takan cika da damina har ta gagari doki. Daga nan Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi a 1849, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, in ban da ɗan sulhun da ake kira Lafiyar Toga, har zuwa shigowar Turawa. Tsohuwar fadar, inda kaburburan sarakuna suke, ita ce aka buɗe a 1958 a matsayin Gidan Tarihi na Kanta. Shi kansa bikin kamun kifi na Matan Fada, da homa da gora da wasannin kabanci, ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba. UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Kammalawa

Bikin Argungu ya sami masu kula da shi, amma Surame, tushen abin duka, damina da saiwoyin itace na ci gaba da cin ganuwarta. Ya kamata malaman tarihi da na Hausa su riƙa kai ɗalibansu can da rani, su auna, su zana, su ɗauki bayanan dattawan ƙauyukan da ke kewaye tun suna raye. Ɗalibin da ya fara daga Surame, ya bi ta Dukku, ya ƙare a Matan Fada, ya bi sawun tarihin Kabi na shekara ɗari biyar.