Lasifika da zafi: kokowar da ta haura shekara ɗari

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin ƙarshen shekara a wata makaranta ta Maradi ko Damagaram ya san wannan: yara sun yi makonni suna bitar wasan kwaikwayo, iyaye sun cika fili, ana tsakiyar wasa sai lasifika ta yi shiru. Nan take a ce an ɗauke wuta. Sau da yawa kuwa wutar tana nan. Zafi ne ya sa na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wannan ciwo tare da lasifika aka haife shi.

A shekarar 1915, a garin Napa na ƙasar Amurka, Peter Jensen da Edwin Pridham suka haɗa lasifikar da suka raɗa wa suna Magnavox, aka gwada ta gaban babban taro a San Francisco. A 1925 kuma Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da tsarin da ake bi har yau: siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe cikin maganaɗisu, tana tura faifan takarda gaba da baya. Aibin tsarin shi ne, cikin kashi 100 na wutar da ke shiga, kashi ɗaya zuwa biyar kawai ke zama sauti a yawancin lasifikoki. Sauran duk zafi ne. In wayar ta yi zafi, wuta ba ta ratsa ta da sauƙi, sai sauti ya ragu. Mai kula da kaya ya ƙara murya, zafi ya ƙaru, har mannin da ya riƙe wayar ya saki.

Ita ma ampili, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, haka take. Ta farko da kwalaben gilashi take aiki, masu zafi kamar fitilar ƙwai. An ƙirƙiro tiransista a 1947, kaya suka rage girma, amma kusan rabin wutar ya ci gaba da tafiya a zafi. A 1974 ƙungiyar mawaƙan Amurka Grateful Dead ta gina wani bangon sauti mai lasifika kusan 600 da ampili 48, kowace ɗaya ta haura kilo 50. Sautin ya yi daɗi, amma ɗawainiyar ɗauka da kafawa ta yi yawa, ba a rufe shekarar ba suka ajiye shi.

Wutar kanta ta ci rai. A watan Mayu na 1972, a garin Swansea na Birtaniya, makaɗin gita Les Harvey ya taɓa makirfo da ba a haɗa da wayar ƙasa ba, wuta ta ja shi, ya mutu gaban ƴan kallo. Irin wannan ne ya sa masu sana'ar suka daina wasa da ƙafa ta uku ta filogi.

Daga shekarun 1990 aka yawaita saka ampili cikin akwatin lasifikar kanta, sannan sabon tsarin da ake kira aji D ya bazu, wanda kusan kashi 90 na wutar da ya sha ke isa ga lasifika. Shi ya sa yau yaro ɗaya ke ɗauko abin da a da sai ƙarti. Sai dai zafin da ya rage yanzu yana cikin akwati ɗaya, baƙi, wanda ta bayansa kaɗai yake shan iska. Aikin da injiniyoyi ke yi a da ya dawo hannun duk wanda aka ce ya jona kaya, ko da ɗalibi ne.

A nan tarihin ya iso gidanmu. A Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle akwatin da aka girke a rana tun hantsi. Saboda haka a kafa wa lasifika rumfa, a raba bayanta da bango, kada a lulluɓe ta da zane don ado. Doguwar waya siririya tana rage ƙarfin volt 220 kafin ya isa, ita kanta tana ɗaukar zafi, musamman in an bar ta a naɗe. A nemi mai kauri, a warware ta duka. In janareta ne, a ɗauko wanda ƙarfinsa ya ɗara buƙata sosai, kada a haɗa shi da firiza. Jar fitila in ta dinga ƙiftawa a bayan akwati, a rage murya. Kuma kada a miƙa wa yaro makirfo mai waya alhali yana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Malam, kafin ranar biki ka tambayi mai haya ina zai girke kayansa, kuma da wace waya. Rigakafi ya fi magani, kuma yaran da suka yi wata guda suna hadda sun cancanci a ji muryarsu har ƙarshe.